Yadda Ake Gina Birnin da Zai Iya Rushewa a Wasan Kwamfuta

Masu haɗa wasa da yawa suna raba aikin nan gida biyu. Su fara rubuta manhajar da za ta zana birni da kanta, in sun gama sai su dawo su ce bari a ƙara masa rushewa. A nan ake tafka asara. Ginin da aka zana fatarsa kaɗai, bango huɗu da rufi, ciki fayau, ba ya rushewa, sai dai a ɓatar da shi a watsa ƙura. Idan kana son roka ta ci ginshiƙi, bene ya karkata sannan ya zube, dole manhajar da ta gina shi ta san me ke ɗauke da me. Tun ran gini ran zane. Matakan da ke tafe an jera su ne a kan wannan, kuma lambobin da aka bayar na farawa ne, za ka gyara su daidai da irin wasanka.

Lambar iri da ma'auni

Birnin gaba ɗaya ya fito daga lamba guda, wadda ake kira lambar iri. Duk lokacin da aka ba manhajar wannan lamba, birni iri ɗaya ya fito, ko tagar gida ɗaya kada ta canza. Amfanin wannan zai bayyana wajen adana wasa da wajen wasan mutane da yawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki tushen lambobin caca guda ɗaya, wato lambobin da ke fitowa ba tsari, kowane sashe na manhajar yana ɗiba daga cikinsa. Ranar da ka ƙara fitilar titi ɗaya a unguwar farko, duk lambobin da ke biye sun gusa, birnin ya zama wani daban. Maganin shi ne kowane abu ya samu irinsa: a cakuɗa lambar birni da lambar unguwa a fitar da irin unguwa, a cakuɗa na unguwa da lambar fuloti a fitar da irin gini. Da haka kana iya gina unguwa ta arba'in ba tare da ka gina talatin da tara da suka gabace ta ba. Ka kuma guji zagaya jerin bayanan da ba su da tsayayyen tsari, domin na'ura biyu na iya bin su ta hanya biyu.

Sai ma'auni. Ka tsayar da faɗin ɗaki na gini, misali mita 4, tsayin kowane hawa mita 3, hawan ƙasa mita 4, layin mota ɗaya mita 3.5. Duk abin da za a ƙera daga baya ya bi wannan awo. Idan birnin zai yi faɗi sosai, ka sani lambar 32-bit, wato irin lambar da kwamfuta ke riƙe wurin abu da ita, tana rasa daidaito da nisa: a kilomita 10 daga tsakiyar duniyar wasan, mafi ƙanƙantar motsin da za ta iya riƙewa ya kai kusan milimita ɗaya, kuma ɓaraguzan da ke kwance za su fara rawa. Injin haɗa wasa na Unreal Engine 5 ya koma 64-bit, mai ƙarin daidaito, saboda wannan. A injin da bai yi haka ba, sai a riƙa matsar da tsakiyar duniyar zuwa inda ɗan wasa yake.

Ƙasa

Wannan ba ya cin lokaci. Ka fitar da tudu da kwari da lissafin Perlin, mai fitar da hawa da sauka masu kama da na halitta, ka sa ruwa, sannan ka yi taswirori biyu a kan ƙasar: ɗaya ta yawan jama'a, ɗaya ta nau'in unguwa, wato kasuwanci, gidaje ko masana'antu. Daga su tituna za su san inda za su nufa, gine-gine su san tsayin da za su kai.

Tituna

Hanyar da aka fi bi ta samo asali ne daga aikin Yoav Parish da Pascal Müller na 2001, wanda ya haifar da manhajar CityEngine. Su sun tsara shi da L-system, wato dokokin da ke sa abu ya yi ta rassa kamar bishiya, amma a aikace jerin jira ya wadatar. Ka sa guntun titi na farko a jerin. Ka ciro shi, ka duba ko ya halatta, in ya halatta ka kafa shi, sannan ka jefa sababbi uku cikin jerin: mai ci gaba, mai juyawa dama, mai juyawa hagu. Manyan tituna su riƙa bin inda jama'a suka fi yawa, gunduwarsu mita 200 zuwa 400. Ƙanana su yi mita 60 zuwa 120, a kuma jinkirta su har manya su yi nisa, in ba haka ba za su cika wuri su toshe wa manya hanya.

Duba halaccin nan shi ne ainihin aikin. Idan guntun ya faɗa ruwa, a gajarta shi, ko a karkata shi, ko a mai da shi gada in babban titi ne. Idan hawan ya wuce kashi 12 cikin ɗari, a karkata shi ya bi gefen tudu. Idan ya tsallaka wani titi, a yanke shi a nan a yi mahaɗa. Idan ƙarshensa ya zo kusa da wata mahaɗa, a ce cikin mita 20, a ja shi ya manne da ita. Idan kusurwar da zai yi da titin da ke wurin ba ta kai digiri 30 ba, a jefar da shi. Dokoki biyun ƙarshe su ne ke hana ka samun 'yan tsirarun filaye masu tsini da ba a iya gina komai a kansu. Domin binciken ya yi sauri, a raba ƙasar akwati-akwati na mita 100, kowane guntu a gwada shi da na akwatinsa da maƙwabta kaɗai.

Wata matsala mai ɓoyewa ita ce tituna biyu su haɗu a ido amma a lissafi akwai tazarar da ba ta kai gashi ba. Matakin gaba zai ɗauki unguwa biyu a matsayin ɗaya. Ka riƙe wuraren mahaɗa da cikakkun lambobi na santimita, matsalar ta kau.

Girman unguwa shi ke ba birni kamanninsa. Na Manhattan sun kai kamar mita 80 a 270, dogaye sirara. Na Eixample a Barcelona murabba'i ne mai mita 113 kowane gefe, an sare musu kusurwoyi. Wanda ke son ya zana salon tituna da hannu, wuri ya zama layi-layi wani wuri ya zama zagaye, sai ya duba hanyar filin tensa, wato taswirar da ke nuna wa titi alkiblarsa a kowane wuri, da Guoning Chen da abokan aikinsa suka fitar a 2008.

Daga unguwa zuwa fuloti

Ka fara ware titunan da suka mutu a hanya. Sannan daga kowace mahaɗa ka bi titi, duk inda ka isa ka ɗauki juyin da ya fi kusa da hannun dama, har ka dawo inda ka tashi. Abin da ka zagaye unguwa ce. Ka matsa iyakarta ciki da rabin faɗin titi haɗe da hanyar masu ƙafa.

Rabon fuloti kuwa, a zana akwatin da ya fi matse unguwar, a yanke ta biyu ta tsakiyar dogon gefe tare da ɗan kauce wa tsakiya, a maimaita wa kowane rabi. A tsaya idan fili ya sauko ƙasa da murabba'in mita 600, ko kuma idan yankan zai bar fuskar da ba ta kai mita 8 a bakin titi ba. Fulotin da ya rasa titi gaba ɗaya a mai da shi tsakar gida ko wurin ajiye motoci. Mai tsini uku a mai da shi lambu. Kada ka yi ƙoƙarin tilasta masa gini.

Gini: kaya da taswirar tallafi

Kada manhajar ta ƙera sabuwar siffa ga kowane gida. Ka tanadi kayan gini ƙayyadaddu: ginshiƙi, dakali (wato daɓen kowane hawa), bango marar taga, bango mai taga, bango mai ƙofa, matakala, kusurwa, rufi. Kamar guda 30 zuwa 50 ga kowane salo. Manhajar ta ɗauki fuloti, ta shimfiɗa masa layukan mita 4, ta ɗaga shi hawa-hawa, ta raba kowace fuska ɗaki-ɗaki, ta sa kaya a gurbinsu. Wannan rabon fuska shi ne tunanin nahawun siffa na CGA, wato dokokin raba babbar siffa zuwa ƙanana, da Müller da abokansa suka bayyana a 2006. Akwai kuma Wave Function Collapse na Maxim Gumin, 2016, wanda ke jera kaya bisa dokar wa zai iya zama kusa da wa. Yana fitar da fuska mai kyau, amma maƙwabci kawai yake gani, bai san nauyi ba, zai iya ɗora bene a kan iska. A bar masa ado, ƙashin gini a yi shi da doka.

Abin da wannan mataki zai fitar abu biyu ne. Na farko jerin kaya: nau'i, wuri, abin da aka yi shi da shi, nauyi. Na biyu taswirar tallafi: kowane kaya ƙulli ne, duk inda biyu suka taɓa juna akwai haɗi, kuma kowane haɗi yana da ƙarfin da ya dogara da faɗin wurin taɓawar da nau'in kayan. Waɗanda ke zaune a kan harsashi a yi musu alamar kafaffu. Tunda manhajar ce ta jera kayan a kan layuka, ta riga ta san maƙwabcin kowa, taswirar kyauta take zuwa. Wanda ya bari sai daga baya zai koma yana laluben wace siffa ta taɓa wace, aikin da ke da tsada kuma ba ya rasa kuskure.

Ka bambanta masu ɗaukar nauyi da masu rufe ido. Ginshiƙi da dakali suna ɗauka. Taga, bangon raba ɗaki da allon talla ana ɗaukar su ne. In ba ka raba ba, za ka ga hawa goma tsaye a kan gilashin taga guda.

Fasa kayan tun kafin wasa

Tunda kayan ƙayyadaddu ne, su za a fasa, ba gine-ginen ba. Bango ɗaya da aka fasa da kyau zai yi wa gidaje dubu aiki. Hanyar da aka saba ita ce ta Voronoi: a watsa ɗigo cikin jikin bangon, kowane ɗigo ya mallaki yankin da ya fi kusa da shi. Cikin manhajojin ƙera siffa, Houdini yana yi, Blender yana da Cell Fracture, Unreal yana da Fracture Mode na tsarin Chaos, akwai kuma Blast na NVIDIA.

A yi fasawar hawa biyu. Bango mai mita 4 a 3 ya rabu manyan gutsure 8 zuwa 12, kowanne ya sake rabuwa ƙanana 5 zuwa 8, waɗanda ba za su fito ba sai in duka ya same shi kai tsaye. Yadda aka watsa ɗigon shi ke nuna nau'in kaya. Kankare a watsa ko'ina, a ɗan gurɓata fuskar yankan don kada ta yi santsi. Katako a miƙar da yankunan su bi tsawonsa, ya tsage sili-sili. Gilashi a tara ɗigon kusa da wurin duka, su yi ta raguwa zuwa gefe. Bulo a bi layin siminti. Kowane kaya a yi masa fasawa uku ko huɗu daban, in ba haka ba ɗan wasa zai gane tsagar a bango na biyar. Kada a manta da fentin fuskar ciki, wadda ba a gani sai an fasa.

Jikin karo, wato siffar da injin fiziks, mai lissafa faɗuwa da karon abubuwa, ke gani, ya zama dunƙulalle marar kwarmi, mai tsini 16 zuwa 32. Injin wasa na Unity ba ya karɓar irin wannan jiki in ya wuce alwatika 255, amma tun kafin nan ya yi tsada. A kuma rage shi da santimita ɗaya ko biyu. Idan jikin gutsure biyu suka shiga juna a lokacin da aka sake su, injin zai raba su da ƙarfi, bango ya tarwatse kamar an dasa masa bam alhali harsashi ɗaya ya same shi.

Akwai wata hanyar dabam, ta boksel, wato a gina komai da ƙananan dunƙule masu kusurwa. Wasan Teardown na Tuxedo Labs ya bi ta da dunƙule na santimita 10. A wannan awo bangon nan mai kaurin santimita 20 dunƙule 2,400 ne. Kana samun rami a daidai inda aka buga, amma kamannin wasan gaba ɗaya da yadda ake zana shi sai sun bi boksel ɗin. Shawara ce ta ranar farko.

Abin da ke faruwa in an buga

Gini lafiyayye kada ya kasance a cikin fiziks gutsure-gutsure. Lissafa ka gani: bene mai hawa 10, ɗaki biyar a biyar, yana da dakali 25, ginshiƙi 36 da bangon waje 20 a kowane hawa, kaya 810 ke nan. In kowanne ya fashe 60, ka haura gutsure dubu 48 a gini ɗaya. Saboda haka a zana shi da kwafin kayan, da jikin karo mai sauƙi. Kayan da duka ya sama shi kaɗai za a musanya da fasasshensa.

Daga nan sai a bi wannan jeri. A rage ƙarfin haɗe-haɗen da ke cikin da'irar fashewar, na kusa ya fi cin duka. Wanda ya kai sifili a tsinke shi. Sannan a tashi daga kafaffu a bi haɗe-haɗen da suka rage, duk ƙullin da aka isa a yi masa alama. Waɗanda ba a isa ba sun rabu da ƙasa. Kowane rukuninsu a sake shi a matsayin jiki guda, ya faɗo dunƙule, sai ya bugi ƙasa ya ƙara fashewa gwargwadon ƙarfin bugun. Wannan ya fi arha, kuma ya fi kama da gaskiya.

Haɗuwa da ƙasa kaɗai ba ta isa ba, domin za ta bar bene tsaye a kan ginshiƙi ɗaya. Ana buƙatar lissafin nauyi, irin abin da ya sa aka san wasan Red Faction: Guerrilla na 2009. Ba sai ka yi lissafin injiniyoyi ba. Ka fara daga sama, kowane kaya ya haɗa nauyinsa da wanda aka ɗora masa, ya raba wa masu tallafa masa. Dakali mai mita 4 a 4 da kaurin santimita 20 kubik mita 3.2 ne, kankare kuma kilo 2,400 ne a kubik mita, ya zama kilo 7,680. Ginshiƙin tsakiya a hawan ƙasa yana ɗauke da kwatankwacin dakali ɗaya daga kowane hawa, kusan tan 77 a hawa goma. In aka cire shi, maƙwabtansa huɗu kowanne ya ƙaru da rubu'i. To a nan ne kake da maɓallin sarrafa wasan. Ka ba ginshiƙai ƙarfin ninki 1.2 na nauyinsu, rasa ɗaya zai karya maƙwabta, su karya nasu, ginin ya tafi duka. Ka ba su ninki 1.6, ginshiƙi zai jure rasa maƙwabta biyu, sai a na uku ya karye. Manhajar ta lissafa wannan ƙarfi tun lokacin gini, kowane ginshiƙi daidai da abin da ke kansa. Ka ƙara doka guda: dakalin da ya yi nisan fiye da ɗaki biyu daga ginshiƙi mai rai ya faɗi.

Kada haɗin da nauyi ya fi ƙarfinsa ya tsinke nan take. A ba shi rabin daƙiƙa zuwa biyu, da ƙarar tsagewa da zubar ƙura. Ɗan wasa ya samu damar gudu, kai kuma ka samu damar raba lissafin a kan firem da yawa, wato hotunan da wasa ke nunawa ɗaya bayan ɗaya.

Kasafin lokaci

A firem 60 cikin daƙiƙa, kowanne milisakan 16.7 ne, kuma fiziks ba zai samu fiye da 3 ko 4 ba. Ka kafa iyakar jikin da ke motsi a lokaci guda, ka fara da 300 zuwa 500, ka auna a kan na'ura mafi rauni da kake nufi. Ɓaraguzai kashi uku ne. Manya, da suka wuce mita ɗaya, suna karo da komai kuma suna zama. Matsakaita suna karo da ƙasa da gine-gine amma ba da junansu ba, su ɓace bayan daƙiƙa 10 zuwa 20, gara lokacin da ɗan wasa ba ya kallo. Ƙanana hoto ne kawai na katin zane, wato sashen kwamfuta mai fitar da hoto. In an kai iyaka, mafi tsufa da mafi nisa su fara tafiya. Wanda ya kwanta ya daina motsi na daƙiƙa biyu a daskarar da shi. A tanadi jikunan tun farko a riƙa sake amfani da su, domin ƙirƙiro ɗari biyar a firem ɗaya shi ke kawo sarƙewar da ake gani daidai lokacin fashewa. Ƙura kuma abokiyar aiki ce, a bayanta ake yin duk musanyar nan.

Abu biyu ke yawan lalata kallo. Idan dakali mai tan bakwai ya danne gutsure mai kilo biyu, injin ya kan rikice, tarin ya yi ta karkarwa. A matse nauyin da ake ba injin kada tazarar ta yi yawa, ainihin nauyin a bar shi ga lissafin tallafi. Na biyu, gutsuren da ke gudun mita 30 a daƙiƙa yana tsallake rabin mita a kowane firem, zai ratsa bango mai santimita 20 ba tare da an gani ba. A kunna binciken karo mai bin duk hanyar da gutsure ya ratsa ga manya masu gudu kaɗai.

Rushewa tana kuma kashe duk wata dabarar da ta ɗauka bango ba ya motsi. Hasken da aka lissafa aka ajiye tun farko zai bar inuwar ginin da babu shi. Lissafin abin da bango ke ɓoyewa, in an yi shi tun farko, zai bar rami a inda ya kamata a hango titi. Dukansu sai an yi su a lokacin wasa.

Abokan gaba, intanet da adanawa

Taswirar tafiyar abokan gaba a yi ta fale-fale, kamar yadda manhajar Recast ta Mikko Mononen ke bayarwa. A sake gina falen da rushewa ta shafa kaɗai, kuma sai tarkace ya lafa. Kafin nan a yi wa wurin alamar haɗari su kauce masa.

A wasan mutane da yawa, kada ka dogara da cewa fiziks zai fito iri ɗaya a kowace na'ura. Sabar, wato babbar kwamfutar da kowa ke haɗe da ita, ita ce ke yanke wane haɗi ya tsinke, ita ke tafiyar da manyan gutsuren da za a iya fakewa a bayansu, kamar yadda wasan The Finals na Embark Studios, 2023, ya ɗora rushewarsa a kan sabar. Matsakaita da ƙanana kowace na'ura ta yi nata. Wanda ya shigo a makare a aika masa lambar iri, jerin abin da ya karye, da wuraren da manya suka kwanta. Fayil ɗin adana wasa ma abin da zai ƙunsa ke nan, tare da lambar sigar manhajar gini, domin in ka gyara dokar fuloti a sabuntawa, tsohon jerin zai nuna kayan da ba su nan.

Ka yanke tun wuri abin da ba zai rushe ba. Filin da aka baje gaba ɗaya ba shi da maɓoya, faɗa a cikinsa ba daɗi. Harsashi, bangon ƙasa mai tsayin ƙugu, da duk abin da manufar wasa ta rataya a kansa, a sa su cikin kafaffu.

Gwaji kuwa na'ura za ta yi, tunda ba mai iya zagaya birane dubu da ido. A ba ta lambobin iri dubu ta kwana a kansu, tana duba ko kowane fuloti ya taɓa titi, ko ana iya zuwa kowace mahaɗa daga kowace, ko kowane gini ya tsaya minti ɗaya ba wanda ya taɓa shi. Sannan ta cire ginshiƙan ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana rubuta na nawa ne ya kawo ginin ƙasa da milisakan nawa firem mafi muni ya ci. Duk irin da ya faɗi gwaji a ajiye lambarsa, a sake gwada shi bayan kowane gyara.